Ƙuduri na 181: Rabon Ƙasa Daga Nesa

Ran 29 ga Nuwamba 1947, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Ƙuduri na 181, wanda ya ba da shawara a raba Falasɗinu gida biyu, ƙasar Yahudawa da ta Larabawa, Urushalima da Baitalami kuwa su zauna ƙarƙashin kulawar ƙasashen duniya. Ƙasashe 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Akwai masu wa'azi da ke ambaton ranar a matsayin cikar annabci kawai. Ya kamata mai hidima ya auna takardar kanta tukuna.

Ƙudurin yana da hujja. Shekara biyu ke nan da ƙarewar yaƙin da 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa kusan miliyan 6 a cikinsa, waɗanda suka tsira kuma suna neman mafaka. Shugabannin Yahudawa sun karɓi rabon.

Amma yana da rauni biyu. Na farko, an ba ƙasar Yahudawa kusan kashi 56 cikin 100 na yankin, alhali su kashi ɗaya cikin uku ne na mazauna. Larabawa, Musulmi da Kirista, ba su amince ba, shugabanninsu ma sun ƙaurace wa kwamitin da ya zana taswirar. Na biyu, Majalisar ba ta tanadi rundunar da za ta tsare iyakokin ba. Birtaniya ta janye a watan Mayu 1948, yaƙi ya ƙara tsanani, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, har da iyalan Kirista na Haifa da Yafa. Ƙasar Larabawan da aka zana ba ta kafu ba. An yi wa mutane aski ba sa nan.

Ku duba Farawa 23. Allah ya riga ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar, duk da haka da Saratu ta rasu, sai ya zauna da Hittiyawa a ƙofar gari, ya sayi kogon Makfela daga hannun Efron a kan shekel 400 na azurfa, a gaban shaidu. Alkawari bai ɗauke masa neman yardar maƙwabci ba.

Saboda haka, in kuna koyar da wannan tarihi a ikkilisiya, kada ku tsaya ga lissafin ƙuri'u. Ku tambaya: wa aka saurara, wa kuma ya ɗauki asarar?