Zabibi 21 da fasalin da muke tsallakewa

 

Kwanakin baya wani ɗalibinmu ya tare mu a ƙofar masallaci bayan La'asar, yana tambayar inda ake samun jan zabibi. Wai jarrabawar nahawu ta ƙarato, kuma ya ji cewa cin ƙwaya 21 kullum kafin karin kumallo yana ƙara hadda. Muka ce masa: «To madalla. Karatun jiya sau nawa ka maimaita shi?» Sai ya sunkuyar da kai.

Yaron bai yi ƙarya ba. Maganar tana cikin Ta'alimul Muta'allimi na Shehu Burhanuddini Zarnuji, almajirin Marginani mai Hidaya, wanda ya rasu a 593 bayan Hijira. Littafi ne ɗan ƙarami mai fasali 13, da wuya a sami zauren karatu a ƙasar nan da ba a biya shi ba. Amma mun lura ɗalibai sun fi riƙe fasali na 12, mai maganar zuma da zabibi da abubuwan da ke kawo mantuwa, irin su tuffa mai tsami da ratsawa tsakanin jerin raƙuma. A ganinmu nan ne littafin ya fi rauni. Galibinsu maganganun likitancin zamaninsa ne, ba hukuncin shari'a ba. Haka hadisin da ya kawo kan fara karatu ranar Laraba, Imamu Sahawi ya ce bai ga asalinsa ba. Faɗin wannan ba raina Shehun ba ne, Allah ya ji ƙansa. Abin mamaki ma, shi da kansa ya buɗe wannan fasalin da cewa babban sababin hadda shi ne ƙoƙari da dawwama. Sai mu tsallake layin farko mu faɗa kan zabibi.

Ƙarfin littafin yana fasali na 5 da na 6. A can ya ce kada karatun mai farawa ya wuce abin da zai riƙe in ya maimaita sau biyu, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Ya kuma tsara bita: karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabansa uku, sai biyu, sai ɗaya. Ku lissafa. Kowane darasi zai ratsa bakin ɗalibi sau 15 cikin kwana biyar, kuma nauyin kowace rana bai wuce maimaici 15 ba. Wanda ya yi wa alamomin i'irabi na Ajurumiyya haka, huɗu na rafa'u, biyar na nasabu, uku na hafdu, biyu na jazmu, ba zai tsaya yana sosa ƙeya ba in an ce ya warware jimla. Mun gwada a aji. Ba masu kaifin ƙwaƙwalwa ne suka fi cin moriyarsa ba, masu haƙurin zama ne. Har yadda ake bitar ya faɗa: da murya da kuzari, ba gunaguni cikin hanci ba, ba kuma ihun da zai gajiyar da mutum ba.

Sai dai ko a nan muna da gyara. Tsarin ya ƙare a kwana na biyar. Wannan zai iya isar mai fikihu, domin Zarnuji ɗaliban fikihun Hanafiyya yake wa magana, waɗanda ke raya karatunsu da muzakara da munazara. Mahaddacin Alƙur'ani kam bai ishe shi ba. Alarammominmu na tsangaya sun riga shi sanin haka: an wanke allo ba a gama da shi ba, akwai tishe, akwai tilawar dare, har tsufa. Ba a kiran mutum gwani don ya sauke sau ɗaya.

Na biyu, ya tsananta kan yanke karatu, ya kira shi annoba, ya ce malaminsa da rashin yankewa ya tsere wa abokan karatunsa. Gaskiya ne, amma ɗan talaka in ruwa ya sauka akan kira shi gona wata uku ko huɗu. Mu ne muke ganin ƴaranmu suna dawowa bayan kaka, rabin abin da suka tafi da shi ya zube. Abin da muke gaya musu shi ne, a rage yawa, kada a yanke. Baiti biyu na Ishiriniya ko layi uku na Ahalari a gindin gawo lokacin hutun hantsi ba za su hana noma ba.

Shi kuwa ɗalibin namu, ba mu hana shi zabibi ba, halal ne, da daɗi kuma. Mun dai ce ya ja layi biyar a bayan littafinsa, duk maimaici ɗaya ya soke guda, ya kawo mana mu gani kowace Asabar. A zaman bayan Magariba na wannan watan fasali na 6 za mu biya, kowa ya zo da nasa littafin da alƙalami.