Randar gidanku ta fi allon aji iya koyar da kimiyya

Mai karatu, ka tambayi yaron aji uku na firamare a Ƙaraye ko Rogo abin da ya koya a darasin kimiyya game da kayayyaki. Zai iya jero maka da Turanci cewa ƙarfe na da tauri, auduga na da laushi. To, ka ƙara tambayarsa me ya sa ruwan randa ya fi na jarkar roba sanyi. A nan ne yawanci zai yi shiru.

Wannan shirun shi ne ƙorafinmu a kan yadda ake koyar da darasin. An mai da shi hadda, alhali darasi ne na taɓawa da gwadawa. Yumɓun randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin da ke cikin randar. Roba ba ta da waɗannan ƙofofi. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

Haka muciya. Uwa na tuƙa tuwo da ita ba ta ƙone ba, domin itace ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ludayin ƙarfe. Ko ka sa yaro ya taɓa ƙofar ƙarfe da turmi da asubar hunturu. Zai ce ƙarfen ya fi sanyi, amma ɗuminsu kusan ɗaya ne. Ƙarfen ne ke saurin janye zafin hannunsa. Yaron da ya taso kusa da madatsar ruwa ta Challawa kuwa ya sha ganin gora na yawo a kan ruwa, ƙaramin dutse ya nitse. Tambayar tana bakinsa tun kafin a buɗe littafi.

Za ka ce malamin da ɗalibai suka yi masa yawa, ga ba ɗakin gwaji, yaya zai yi? Gaskiya ne, ba laifinsa kaɗai ba ne. Sai dai wannan darasin bokitin ruwa, ƙwarya, ƙusa da leda sun ishe shi. Abin da ya fi cutar da yaro shi ne a hana shi yin bayani da harshen da yake tunani da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza ba, har a Turancin ma.

Don haka yau da yamma ka cika randa da jarka, ka bar su a inuwa ɗaya. Gobe ka ba yaronka ya ɗanɗana, ka bar shi ya fara kawo nasa dalilin kafin ka faɗi naka.