Takardar James Damore da injin niƙa na Dogondutsi

A watan Yuli na shekarar 2017, wani injiniya na kamfanin Google mai suna James Damore ya rubuta takarda mai shafi goma, ya rarraba ta ga abokan aikinsa. A farkon Agusta takardar ta fita duniya, ranar 7 ga watan aka sallame shi. Ƙura ta lafa tuni, amma takardar ta cancanci a sake buɗe ta, domin hujjar da ke cikinta tsohuwa ce, kuma duk malamin makaranta a ƙasar Arewa ya taɓa jin irinta a ɗakin malamai.

Da'awar Damore biyu ce. Ta farko, ƙarancin mata a aikin tsara manhajar kwamfuta (a shekarar, kusan kashi 20 cikin 100 ne na ma'aikatan fasaha a Google) ba wariya kaɗai ta haddasa shi ba, har da halitta: mata, in ji shi, a galibi sun fi karkata ga mutane bisa ga na'urori, kuma sun fi saurin damuwa in aiki ya yi zafi. Ta biyu, kamfanin ya rungumi ra'ayin siyasa guda, har mai saɓanin ra'ayi ba ya iya buɗe baki. A yi masa adalci: ya rubuta da natsuwa, ya kuma yarda cewa halayen maza da na mata sun shiga juna ƙwarai, don haka a auna kowa a kan kansa.

Raunin takardar shi ne ba ta san tarihi ba. Mata shida ne suka fara tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, a Amurka a 1945 da 1946, sa'ad da ake ɗaukar aikin tamkar na akawu. A 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin ilimin kwamfuta a ƙasar. Wajen 2010 adadin ya faɗo kusan kashi 18. Halitta ba ta sakewa cikin shekara 25. Albashi ne ya sake, da darajar aikin.

Mutumin Arewa ba ya bukatar zuwa Amurka kafin ya gane wannan. Mai son nuna ƙarfin mata a nan yakan yi saurin ambaton Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Sarauniya ɗaya ba ta kashe gardama, don za a ce ita daban ce. Dutsen niƙa ya fi ta amfani a nan. Tun kaka da kakanni surfe da daka da niƙa aikin mata ne, har namijin da aka gani durƙushe a gaban dutsen niƙa ya zama abin dariya. Mata su suka san hatsin da ya ji ruwa, su suka san laushin da garin tuwo ke so da wanda fura ke so. Da injin niƙa ya shigo Dogondutsi da Matankari da Tibiri, aikin ya samu ƙara da man fetur da kuɗin shiga, sai ga namiji tsaye bayansa, mata kuwa sun jera ƙwarya suna jiran layi, su biya. Baƙon da ya sauka yau zai iya rantsuwa cewa Allah ya halicci maza da son inji. Haka ɗinki: a Faransa allura ta mata ce, a ƙasar Hausa maza ke zaune bakin kasuwa suna yi wa babbar riga aiki. Damore ya leƙa ofishinsa ya ga maza, ya yi irin rantsuwar baƙon nan.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Google ba ta amsa hujjar ba, mai hujjar ta kora. Shugabanta Sundar Pichai ya ce wasu sassan takardar sun keta ƙa'idar kamfani, kuma akwai gaskiya a ciki: da wuya mace ta zauna tebur guda da wanda ya rubuta cewa jinsinta ba ya jure wahalar aikin. Amma taron da aka shirya ranar 10 ga Agusta don ma'aikata su tattauna, soke shi aka yi, saboda ana tsangwamar wasunsu da sunayensu suka fita waje. A 2019 kuma kamfanin ya fito da dokar taƙaita gardamar siyasa a wurin aiki. Ta haka da'awarsa ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi, ta samu shaida daga hannun abokan hamayyarsa.

Nijar ta yi tata gardamar a fili. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki a Yamai, don mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru. Dokar 2000 ta keɓe wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe, irin tsarin da Damore ke kira wariya. Majalisar 1999 mace ɗaya ke cikinta a kujera 83; ta 2004 ta samu mata 14 a kujera 113. Matan nan suna nan tun da, jerin sunayen ƴan takara ne bai da gurbinsu.

Inda hujjar Damore ke aiki a Arewa ba ofis ba ne, ranar rabon ɗalibai ce bayan jarrabawar BEPC. Yarinya ta zo da maki mai kyau a lissafi, wani ya ce ajin C zai yi mata nauyi, ga kuma aure na tafe, a kai ta ajin A ta huta. Ba a rubuta maganar a shafi goma, ba a kuma korar kowa a kanta. Bayan shekara uku a ƙirga masu neman shiga sashen kimiyya na Jami'ar Abdu Mumuni, a tarar ɗiya mata kaɗan ne.