Tsokaci a Kan Da'awar Tushen Afirka a Kiɗan R&B na Baƙaƙen Amurka

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1949 ne mujallar Billboard ta daina kiran faifan baƙar fatar Amurka da sunan da ke nuna launin masu shi, ta koma kiran sa R&B, bisa shawarar ma'aikacinta Jerry Wexler. Sunan ya haɗa abu biyu: bugun kiɗa da kuma bulus, wato waƙar koke ta baƙaƙen kudancin ƙasar. Tun daga lokacin masana ke ta kai-komo a kan yawan abin da wannan kiɗa ya gada daga Afirka. Wannan maƙala za ta auna da'awar Gerhard Kubik ta cikin littafinsa Africa and the Blues (1999), ta ɗora ta bisa faya-fayan R&B, domin a ga inda ta tsaya da ƙafarta da inda ta gaza.

2.0 Da'awar Kubik

Kafin Kubik, Paul Oliver ya riga ya nuna a 1970 cewa masu neman asalin bulus a cikin manyan gangunan bakin teku sun ɓata hanya. Ya ce a duba ƙasashen sarari na Sudan ta Yamma, inda kayan kiɗa masu tsirkiya suka fi tashe. Kubik ya ɗora a kan wannan da sautukan da ya ɗauka da kansa, ciki har da na wata mata mai waƙar niƙa da na wani Bahaushe mai goge a Kamaru a 1964. Hujjarsa ita ce, mawaƙin bulus yakan rera shi kaɗai, yana jan gaɓa ɗaya yana lanƙwasa ta, muryarsa tana faɗawa tsakanin amo biyu da fiyanon Turawa ba shi da gurbinsa, sannan abin kiɗan ya amsa masa idan ya numfasa.

Duk wanda kunnensa ya saba da kuntigin Ɗanmaraya Jos ko gurmin Haruna Uji ba zai sha wuyar gane abin da ake nufi ba. Tarihi ma yana ba da nasa goyon bayan. Bayan boren bayi na Stono a 1739, dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta hana bayi riƙe ganguna, saboda tsoron kada su kira juna da su. Inda aka kashe bakin ganga, murya da tafi da tsirkiya su ne suka saura. A nan Kubik ya yi gaskiya, kuma ya yi ta da kunne, ba da son rai ba.

Sai dai akwai wuraren da ya kamata manazarcin Hausa ya ja linzami. Daga cikin mutum kimanin miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su kai rabin miliyan ba, kuma Hausawan da aka ƙetarar, Bahiya ta Birazil ce ta fi sanin su, inda suka yi yunƙurin bore a 1807. Ban da haka, an haramta shigo da bayi Amurka a 1808, faifan bulus na farko da baƙar mace ta rera kuwa, na Mamie Smith, sai a 1920 ya fito. Tsakanin nan akwai shekara 112 da jikoki da tattaɓa-kunne suka yi suna ƙirƙira a gonakin auduga da majami'u. Kama da wane ba ta wane. Mai gogen 1964 shaida ne na wani salo da ya yaɗu daga Senegal zuwa Kamaru. Ba kakan mawaƙan Misisifi ba ne.

3.0 Inda R&B Ya Wuce Da'awar

Matsalar ta fi fitowa idan aka bar bulus na karkara aka shiga R&B kansa. Wannan kiɗan birni ne, na mutanen da suka yi ƙaura daga kudu zuwa Shikago da Los Angeles domin aikin masana'antu, kuma don rawa aka yi shi. Louis Jordan, a faifai irin su "Caldonia" (1945), ya rage taron mabusan jaz zuwa 'yar ƙaramar ƙungiya, ya ƙarfafa bugu, ya sa raha. Mawaƙin kaɗaici ya ɓace. Gangar da aka kora a 1740 ta dawo, amma ta wata ƙofa dabam.

Ƙofar nan ita ce tsibiran Karebiyan. A New Orleans, inda aka bar bayi suna kiɗa da rawa ranar Lahadi a dandalin Congo Square, kuma inda jirage ke zirga-zirga zuwa Habana, makaɗa irin su Professor Longhair da Dave Bartholomew sun cusa bugun Kyuba a cikin bulus. Haka nan sanannen bugun Bo Diddley na 1955, mai dukan uku sannan biyu, ɗan'uwa ne ga bugun da 'yan Kyuba suka gada daga mutanen Kwango da na gaɓar Gini. Ashe ke nan tushen Afirka a R&B ya fi ɗaya, kuma rassan sun haɗu ne a Amurka, ba a gida ba. Ma'aunin Kubik, wanda aka yanka don ƙasashen sarari, ba ya iya ɗaukar wannan kaya.

Babu faifan da ya tara waɗannan rassa wuri guda kamar "What'd I Say" na Ray Charles (1959). Ginshiƙinsa tsarin bulus ne mai awo goma sha biyu, wanda jerin sautukansa uku daga kiɗan Turawa aka aro su. Mai ganga yana bin salon rumba. A kashi na biyu kuwa, jagora yana jefa gajeren nishi, 'yan amshinsa mata, wato Raelettes, suna cafewa suna mayar masa, har magana ta ƙare sai sauti zalla. Wannan karɓeɓeniya daga majami'ar baƙaƙe ta fito, inda mai wa'azi ke jefawa jama'a suna amsawa, kuma ɗauko ta da Ray Charles ya yi ya kai ta fagen sha'awa shi ya sa wasu gidajen rediyo suka ƙi sa faifan.

Mai sauraro Bahaushe zai tuna Shata da 'yan amshinsa, kuma yana da hujja. Amma bambancin ya fi kamar ban sha'awa. A wajen Shata, amshi yana komawa ga gindin waƙa ne, ya ba jagora sararin shirya ɗa na gaba. Aikinsa riƙe waƙa. A wajen Ray Charles kuwa, tazarar da ke tsakanin kira da amsa raguwa take yi a kai a kai, domin a ɗumama taro a kai shi ƙololuwa, kamar yadda ake yi a wurin ibadar da salon ya fito. Tsari ɗaya ne, amma kowace al'umma ta ba shi aikin da take bukata, kuma aikin da ya samu a faifan 1959 baƙaƙen Amurka ne suka ba shi.