Illar Rikicin Gida a Kan 'Ya'ya Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa: Nazarin *Jiki Magayi* da *Alhaki Kwikwiyo Ne*

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda littattafai biyu, waɗanda fiye da shekara 50 ta raba tsakaninsu, suka kalli makomar yaron da ya tashi a gidan da zaman aure ya gurɓace. Littattafan su ne *Jiki Magayi* na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin biyar da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, da *Alhaki Kwikwiyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Dukkansu gajeru ne, kuma jigonsu ya ginu a kan alhaki.

2.0 Kyauta: Ɗan da Ya Gaji Laifin Uba

A *Jiki Magayi*, attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar, don kwaɗayin samun haihuwa. Ya sami ɗan, wato Kyauta, amma Abubakar ya nemo asirin da ya mayar da yaron ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bisa rashin sani.

An saba karanta labarin a matsayin na ramuwar gayya. A ganina wannan fahimta ta tsaya a rabin hanya. Tun kafin a haifi Kyauta aka shuka lalacewarsa, domin auren da ya samar da shi a kan zalunci aka ɗaura shi. Sai dai marubutan sun raunana wannan darasi da suka bi ta hanyar sihiri. Da zarar an ce sammu aka yi wa yaro, to mai karatu ya daina tambayar irin tarbiyyar da ya samu a gida. Kyauta bai zaɓi komai ba. Makami ne a hannun manya biyu masu gaba da juna.

3.0 'Ya'yan Rabi: Sakacin Uba a Fili

Balaraba ba ta laɓe a bayan boka ba. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, ya tauye wa Rabi da 'ya'yanta tara ci da sutura, ya auro Delu, daga bisani ya kori uwargidan. Illar a nan ta yau da kullum ce: abinci, kuɗin makaranta da matsuguni. Duk da haka yaran ba su lalace ba, saboda Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri.

Rauni ɗaya shi ne yadda tsirar gidan ta rataya ƙwarai a kan samun suruki mai hali, abin da ba kowace bazawara ke dacewa da shi ba.

4.0 Kammalawa

A littafin farko ɗa ne ya biya bashin ubansa, a na biyu kuwa uban ne ya biya da kansa. Wannan sauyi ya nuna cewa adabinmu ya matsa daga ɗora laifi a kan asiri zuwa tuhumar maigida. Ya kamata manazarta, da mu masu koyar da waɗannan littattafai, mu riƙa tambayar ɗalibai wa ya yi sakaci da yaro, kafin mu tambaye su wa ya yi masa sammu.