Wa Ke Riƙe da Takarda a Lokeshan?

Makon jiya wani ƙanena da ke aikin haske a masana'antar fim ya ja ni lokeshan, wai in je in ga yadda ake ɗaukar wani fim mai dogon zango. An ce ƙarfe takwas na safe za a kunna kyamara. Takwas saura muna ƙofar gidan da aka ara. Mai gidan ya buɗe falo, aka shigo da fitilu, aka ja waya, aka tayar da janareto. Tara ta yi, goma ta wuce. Jarumar da za a fara da ita tana can wani lokeshan a wata unguwa, domin aiki biyu ta karɓa a rana ɗaya, kuma babu wanda ya tambaye ta tun farko. Da ta iso bayan azahar, sai aka tuna atamfar da ta sa a fitowar da aka ɗauki rabinta kwanakin baya tana gida. Aka tura yaro a babur. Kafin ya dawo, darakta da marubuci sun koma gindin bishiya suna tsara maganar da za a faɗa. Ba a fara ɗauka ba sai bayan la'asar. Mutum wajen talatin tun safe, an ci abinci sau biyu, janareto ya shanye mai, mai gida ya fara leƙowa yana gyaran murya.

Na ce da ƙanen nawa, wa ke riƙe da takarda a nan? Ya ce, "Yaya, wace takarda?" Na ce wadda ta nuna yau fitowa kaza da kaza za a ɗauka, wane zai zo ƙarfe kaza, da riga kaza, a ɗaki kaza. Ya yi murmushi ya ce ai duk tana cikin kan furodusa. Ya nuna mini shi a bakin ƙofa, waya biyu a hannu, yana rarrashin mai abinci a ɗaya, yana neman wani jarumi a ɗayar, ga babbar riga a jikinsa domin shi ne kuma jarumin fim ɗin. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, har yanzu bai sake ni ba.

Ku da muke bin finafinan Hausa tare kun san inda aka fito. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar ta taso ne a kan fim guda, na ɗaya da na biyu, a ɗauka cikin 'yan kwanaki, a tace, a kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai. A wancan tsarin mutum ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya riƙe komai a ka, kuma an riƙe ɗin, an yi finafinan da har gobe muna tuna su. Sai kasuwar faifai ta durƙushe a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya, Kwana Casa'in ya zo a 2019, sannan Izzar So da Labarina suka nuna wa kowa cewa mai kallo zai iya jiran kashi na gaba duk mako har shekaru. Daga nan kowa ya tsunduma. Yau duk wanda ya haɗa kuɗin kyamara da tashar YouTube yana da fim mai dogon zango.

To amma kayan ya ƙaru, gammon bai ƙaru ba. Zango guda mai kashi 13, kowane kashi ya doshi awa guda, ya kai awa goma ko fiye na hoton da aka gama tacewa. Finafinai huɗu ko biyar ke nan na wancan zamanin a ɗaure wuri ɗaya, da jarumai iri ɗaya, da gidaje iri ɗaya, da labarin da dole kashi na goma ya tuna abin da aka faɗa a kashi na biyu. Wane kai ne zai riƙe wannan? Mun sauya kyamara, mun sayi jirgin ɗaukar hoto daga sama, mun koyi gyaran launi, fastocinmu sun yi kyau ƙwarai. Mutumin da ya kamata a fara ɗauka aiki tun kafin a taɓa kyamara, wato manajan shiri, shi ne har yau ake ganin ɓarnar kuɗi ne a biya shi. In ma an sa sunansa a jerin ma'aikata, sau da yawa za ka tarar aikinsa bai wuce sayo ruwan leda da kiran mai adaidaita sahu ba.

Aikin nasa fa ba wani sirri ba ne. Idan rubutun labari ya kammala, shi zai zauna ya warware shi fitowa bayan fitowa: wannan a wane gida, da rana ko da dare, su wa ke ciki, me suka sa, me ake buƙata a hannu, mota ce ko akwati ko kwanon abinci. Sai ya tara duk fitowar da ke falon Alhaji wuri ɗaya, ko da wata a kashi na farko take wata a na goma sha biyu, a ɗauke su cikin kwana biyu a sallami mai gida. Ya duba ranakun kowane jarumi, ya jera aikin yadda wanda aka ɗauko daga Kaduna ko Jos zai gama nasa a jere ya koma, ba a riƙe shi a masauki ana biya yana zaman jira ba. Kowane dare ya tura wa kowa jadawalin gobe, ko a WhatsApp ne. Shi ke nan. Takarda, biro, da mutumin da aka ba ikon ya ce wa darakta rana ta yi nisa, ya ce wa furodusa kuɗin mako ya ƙare.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in babu cikakken rubutu, kuma nan ne ciwon ya fi yi mini zafi. Yaya za a warware labarin da ba a rubuta ba? Ana haska kashi na biyar, ana ɗaukar na shida, na bakwai yana cikin wayar marubuci bai gama ba, na takwas kuwa ana jiran a ga abin da masu kallo za su ce tukuna. Shi ya sa za ka ga an koma gida ɗaya sau goma, kowane zuwa da kuɗin mota da na mai da na abinci. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a falo suna maimaita wa juna abin da muka gani da idonmu a makon jiya, minti goma cur, domin dole kashin ya cika. Shi ya sa wani mutum zai ɓace daga labari kamar an ɗauke shi da iska, sai can a ce ai ya tafi karatu ƙasar waje. Marubutanmu sun iya aikinsu, da yawansu daga rubutun littafi suka fito, sun san yadda ake ƙulla zare a warware. Lokaci ne ba a ba su. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a tsakiyar hanya muke neman wuƙar.

Ku dubi kuma abin da ido ke kamawa. Jaruma ta fito daga ɗaki da jan lalle sabo fil a hannu, ta shiga falo ya koɗe. Ɗaurin ɗankwali ya koma hagu. Karin hula ya sauya gefe tsakanin tambaya da amsa. An shiga mota ciyawa kore shar, an fito cikin hazon hunturu, kuma a labari tafiyar rabin awa ce. Muna dariya, muna yanko wurin muna tura wa juna, amma duk wannan aikin mai kontiniti ne da littafinsa da wayarsa, ya ɗauki hoton kowa kafin a fara, ya rubuta hannun da ke riƙe da kofi. Ina yi wa 'yan'uwana daraktoci tsiya a kan wannan, sai su ce mai kallo ba ya lura. Wallahi yana lura. Matan gida da ke kallo a waya sun fi kowane edita sanin atamfar da aka sa a kashi na uku.

Shi kuwa edita, Allah ya ba shi lada. Ana kawo masa hotuna a tule, babu suna, babu lamba, babu allon da ake bugawa a farkon ɗauka domin a haɗa murya da hoto. Zai kwana yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda darakta ya ce ita ce mai kyau, alhali darakta bai rubuta ko'ina ba. A bayan maganar jarumi ga kukan janareto, domin babu wanda ya je ya duba gidan tun kafin ranar ya ga inda za a ajiye shi nesa. Wani lokacin ma katin kyamara ake gogewa don a ci gaba da aiki, alhali wuri ɗaya tak aka kwafe shi. Ranar da ma'ajiyar nan ta faɗi ƙasa, aikin mako guda ya tafi. Ƙa'idar ba ta da wuya, a kwafa wuri biyu kafin a goge. Wa aka ɗora wa alhakin tabbatar da an yi? Babu. Kowa yana zaton wani ya yi.

Maganar kuɗi ma takarda take nema. Kun tuna ƙurar da ta tashi a 2022 bayan hirar dattijuwar jaruma Ladin Cima da BBC Hausa, inda ta yi maganar ƙarancin abin da ake sallamarta da shi, wasu manyan masana'antar kuma suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka. Aka yi ta musu kwana da kwanaki. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne, musu irin wannan ba ya tsawo a inda ake rubuta yarjejeniya ana sa hannu a kan abin da aka karɓa. Mu kuwa kalmar da muke amfani da ita ma, sallama, tana nuna yadda muka ɗauki abin: a gama aiki, a damƙa maka abin da ya samu, ka yi godiya. Mai haske, mai kwalliya, yaron da ke riƙe sandar murya tun safe har dare, su ne kullum na ƙarshe a layi, kuma kuɗin da aka ƙona a zaman jiran jaruma daga rabonsu yake fita. A fim mai dogon zango rashin yarjejeniya ya fi haɗari, domin kana buƙatar fuska ɗaya shekara biyu ko uku. Aure zai zo, karatu zai zo, saɓani zai zo. Wanda bai rubuta da jaruminsa zango nawa za su yi tare ba, ranar da aka rabu sai dai ya kashe shi a labari ko ya sa wata fuskar ya roƙi masu kallo su yi haƙuri.

Har hukuma tana da gurbi a jadawali, ko muna so ko ba ma so. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da manya da kowa ya sani, a kan cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba. Kowa da ra'ayinsa a kan hukumar, ni ma ina da nawa. Amma a matsayin aiki, wanda ya gama tace kashi da asubar ranar da zai sake shi, ina ranar da ya ware don a duba? Haka azumi, haka damina, haka lokacin biki da jarumai ke watsewa. Duk abubuwa ne da aka san zuwansu tun shekara ba ta kama ba.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi, kuɗin YouTube ba ya zuwa sai an saki fim, dole a ɗauki wannan da ribar wancan. Gaskiya ne, ban musa ba. Kuma dole in sara wa mutanen nan, domin babu banki a bayansu, babu wuta tsayayya, amma duk mako sai sun fitar da abin da mutane ke jira daga Kano har Damagaram, har Zangon Kumasi. Akwai kuma kamfanoni ƙalilan da ke gama rubuta zango kafin su fita, kana kallon aikinsu za ka gane, labarin yana tafiya da ƙafafunsa. Amma marar kuɗi ai shi ya fi kowa buƙatar lissafi. Ranar nan da na shaida, abin da aka kashe a mai da abinci da kuɗin babur kafin la'asar, ba tare da an ɗauki ko minti ɗaya ba, ya isa a biya wani saurayi mai hankali ya riƙe takarda na kwanaki. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu: furodusa, jarumi, ma'aji, mai kiran waya.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, yaran da za su iya aikin nan suna nan birjik. Ga masu karatun aikin jarida da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ga waɗanda suka fito daga makarantar koyon fim da ke Jos, ga ma waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba amma sun shekara goma a lokeshan sun san komai. Kowa so yake ya zama darakta ko jarumi, domin mun nuna musu mai riƙe takarda ba shi da daraja, ba a kiran sunansa ranar karramawa, ba a sa hotonsa a fasta.

Don haka roƙona ga furodusoshinmu da shugabannin ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN: kafin a sayi sabuwar kyamara, a ɗauki manajan shiri, a yanka masa albashi, a ba shi ikon da jarumi komai girmansa zai ji maganarsa. Kada a kunna janareto sai an gama rubuta zangon gaba ɗaya. Ku kuma 'yan'uwa masu kallo, idan kashi ya ƙare sunaye suka fara tafiya, ku daure ku tsaya ku nemi sunan manajan shiri da na mai kontiniti. In aikin ya yi kyau, ku ambace su da suna kamar yadda kuke ambaton jarumai.