Sunan Ayuba da Irin Haƙurin da Muke Nema Wurin Talaka

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ranar suna ba ta bambanta da ta sauran ƙasar Hausa ba. Kwana bakwai da haihuwa maza su taru a ƙofar gida da sassafe, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta sunan, wanzami ya yi wa jariri aski. In sunan Ayuba ne, kowa ya san fatan da uba ya ƙulla a ciki: Allah Ya sa yaron ya gaji haƙurin mai sunan.

Sunan ya yi doguwar tafiya kafin ya zo mana. Asalinsa Ibrananci ne, Iyyob, muka karɓe shi ta bakin Larabawa a matsayin Ayyub, harshenmu ya ƙara masa wasali. Masanan Ibrananci sun saɓa kan ma'anarsa: wasu sun danganta shi da ƙiyayya, wato wanda aka tsananta wa, wasu sun ce tsohon suna ne mai ɗauke da tambayar "ina uba?" Musulmi da Kirista duk suna raɗa shi. Hausawa Kiristoci na wajen Malumfashi da Kafur suna karanta Littafin Ayuba, mai babi 42, a cikin Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, kusa da Zabura da Karin Magana.

Turawan Ingila kuwa Job suke cewa. Haka suka yi wa Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu ta ƙasar Senegal, wanda aka kama a bakin kogin Gambiya aka sayar da shi bawa a Maryland ta Amurka. Da ya isa Landan a 1733 suka kira shi Job ben Solomon, William Hoare ya zana shi da Alƙur'ani rataye a wuya, a 1734 ya kama hanyar gida. A Ingilishi sunan ya haifi maganganu biyu. Ɗaya haƙurin Ayuba ce, wadda fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611 ta yaɗa, mu ma muna da ita. Ɗayar kuma ba mu da ita: "mai jajanta wa Ayuba", wato wanda ya zo jaje amma ya ƙara wa mai ciwo ciwo. Tushenta abokansa uku ne a Littafin Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, da suka buɗe baki sai suka ce lallai zunubinsa ne ya jawo masa. A ƙarshen littafin su aka tsawata wa.

A nan nake ganin mun rage wa sunan nauyi. A bakinmu haƙurin Ayuba ya koma yin shiru. Alhali Alƙur'ani, a Suratul Anbiya da Suratu Sad, ya nuna Annabi Ayuba, alaihissalam, ya kira Ubangijinsa ya faɗi cutar da ta same shi, aka amsa masa, aka mayar masa da iyalinsa, kuma duk da wannan kiran aka yabe shi da haƙuri. Kai kuka inda ya dace bai ɓata masa haƙuri ba.

Mutanen wannan yanki sun san jarrabawa. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka yi kwanaki a ƙofar makarantar suna jiran labari kafin a sako yaran. A Faskari da Sabuwa an kore shanu, an bar gonaki, an sayar da hatsin gida don biyan kuɗin fansa. Me mai jaje yake zuwa da shi? "Sai haƙuri." Wani ma ya ƙara da cewa halinmu ne ya jawo mana. Tuba wajibi ce a kan kowa, amma faɗa wa matar da aka kashe wa miji cewa laifinta ne, aikin su Elifaz ne, ko da an yi shi da rawani. Maganar ta fi muni in ta fito daga bakin mai mulki, wanda amanar tsaron mutanen take wuyansa.

Kirana ga malamanmu da limamai shi ne, in kun raɗa wa yaro Ayuba, ku ba taron ƙissar gaba ɗayanta, har da kukan da ya kai da amsar da ya samu. Ku kuma masu iko, in kun je jaje Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ku tafi da bayanin abin da kuka yi don manomi ya koma gonarsa bana.